Da Sauƙi

Babu amsar da Bahaushe ya riƙe gam kamar amsar gaisuwar jinya. Ka tarar da dattijo a kwance, ƙafa ta kumbura, ido ya zurma, numfashi sama-sama, ka durƙusa ka ce, "Sannu Baba, yaya ƙarfin jikin?" Zai tattaro ɗan abin da ya rage masa na murya ya ce, "Da sauƙi, ɗan nan." Tsohuwar da ke masa fifita ma abin da za ta ce ke nan. Ko a ranar da aka kai mutum makwancinsa, in ka bincika, da hantsi an ce da sauƙi. Baƙon da bai san mu ba zai ɗauka ɓoye-ɓoye ne, ko kawaicin da ya wuce kima. Ni kuwa ina ganin kalmar ta fi yawancin kalmomin jinya faɗin gaskiya, domin ba ta yin alkawarin abin da ba ya hannunta.

Duba inda take yawo. A kasuwa in an ce masara ta yi sauƙi, kowa ya san da kuɗinsa zai je. Mai ciniki ya ce, "Alhaji, a yi mini sauƙi mana," ragi yake nema, biya kuwa dole. Rana tana yin sauƙi bayan la'asar alhali tana nan a sama. Ruwa ya yi sauƙi, sai a fito da gudu kafin ya sake kecewa. Mai sauƙin kai yana da zuciya kamar kowa, ya dai iya sassauta ta. Malami a wurin tafsiri, in ya zo kan surar da ta haɗa tsanani da sauƙi, yakan tsaya ya nuna wa jama'a cewa tare aka ambace su, ba a ce sai ɗaya ya tafi ɗayan zai zo ba. Masu waƙar soyayya ma, in ka lura da su, sauƙin ciwon so suke roƙo. Warkewa daga so ai rabuwa ce da abin son, kuma ba wanda ya ɗauki kalangu don ya roƙi wannan.

Harshen bai rasa kalmomin da suka fi ta nisa ba. Wanda ya suma yana farfaɗowa. Wanda zazzaɓi ya saki yana wartsakewa, in kasala ta bar shi a ce ya warware. Wanda ya rame a jinya, in nama ya fara dawowa, ya murmure. A can ƙarshe akwai warkewa, wadda ita ma ba mu yarda ta tsaya ita kaɗai ba sai mun ɗora mata shaida: ya warke sarai, ya warke garau, ya warke sumul. Wannan ɗori yana nuna mun daɗe da sanin akwai warkewar da ba sumul ba.

Ƙoda ce ta sa nake ta jujjuya waɗannan kalmomi.

Ita gaɓa ce da maganarmu ba ta ba wa fili ba. Zuciya ta mallake rabin salon magana. Hanta tana kaɗawa in an firgita, aminai kuma a ce kamar hanta da jini. Ciki yana ɗurar ruwa. Ƙoda kuwa, kafin zamanin nan, a teburin mahauci da gaban mai tsire aka fi jin sunanta. Yanzu ne ta shigo baki da nauyi: ciwon ƙoda, wankin ƙoda, dashen ƙoda. An ce jiki magayi, to ita ba ta cika gaya wa kowa komai ba. Tana iya rasa kusan rabin ƙarfinta awon jini bai nuna wani abin kirki ba, mai ita yana noma yana cin tuwo. Wannan rarar ce ta sa mutum zai ba ɗan'uwansa ƙoda guda ya ci gaba da harkokinsa.

Kowacce nauyinta wajen giram 150 ne, amma su biyun suna karɓar kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke harbawa. A cikin kowacce akwai 'yan matatu da likitoci ke kira nefuron, wajen miliyan ɗaya, ko da yake wani da dubu ɗari biyu da 'yan kai ake haifarsa, wani kuma da fiye da miliyan biyu. Nefuron ƙulli ne na siraran jijiyoyin jini inda ruwa ke tsatsowa, sai wani siririn bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe da ruwan ke bi. Abin da ke tsatsowa a yini da kwana ya kai lita 180, fitsarin da ke fita kuwa bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran duka bututun ne ke tsotse shi ya mayar wa jini, da gishirinsa da sukarinsa da duk abin da jiki ba zai yi asararsa ba. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan wahala gaɓar farko ta bututun ke shan ta. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikinta a tsaye suke, kafaɗa da kafaɗa, kan kowacce da gashi-gashi mai yawa da ke ƙara mata faɗin wurin tsotsa, cikinta cunkushe da mitokondiriya, masu ƙona abinci da iskar oksijin su ba da ƙarfi. In oksijin ya yanke ba su da wata dabara ta kirki. Ga shi wani sashe nasu yana can ciki, inda ko da lafiya iskar ƙaranci take yi. Kuma duk gubar da jini ya kwaso, ta kansu take bi.

Shi ya sa su ne ke fara faɗuwa. Mace ta haihu jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama ta. Amai da gudawa su zuƙe yaro a dare ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani, ko ƙwayar cuta ta shiga jini, ko kububuwa ta sari manomi a gona. Ko kuma guba ta zo a cikin kwalba: a ƙarshen 2008 da farkon 2009 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, da aka gurɓata da sinadarin dayetilin gilaikol, ya kashe yara 84 a Najeriya, ta hanyar ƙoda ya bi, a 2022 irin wannan guba a cikin maganin tari ta kashe yara wajen 70 a Gambiya. Ko ta wace ƙofa abin ya shigo, ɓarnar kusan iri ɗaya ce. Gashin kan ƙwayar ya kakkaɓe, ta rikice ta kasa bambanta samanta da ƙasanta, wasu su mutu su ɓanɓare su faɗa cikin bututun, su dunƙule su toshe shi. Fitsari ya ragu ko ya ɗauke. Ruwa ya taru a ƙafa da huhu, sinadarin fotasiyam ya hau har ya kai inda zai tsayar da zuciya.

A Landan aka fara kallon wannan abu da idon basira, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a kan birnin. A 1941 Eric Bywaters da Desmond Beall suka ba da bayanin mutum huɗu da gini ya danne wa gaɓoɓi na sa'o'i. An tono su da rai, an ba su taimako, jinin da ya faɗi ya dawo daidai, har suna magana. Da a nan ne, da an ce wa 'yan dubiya da sauƙi, kuma da ba a yi ƙarya ba. Sai fitsari ya fara raguwa yana yin duhu, cikin mako guda ko kusa da haka duk huɗun suka mutu. Tsokar da ta murƙushe ce ta saki wani sinadari nata, mayogulobin, jini ya kai shi ƙoda ya ƙona bututun.

Shekara goma bayan haka wani masanin cututtuka a New York, Jean Oliver, ya wallafa sakamakon wani aiki na haƙuri da ban san irinsa ba. Yakan jiƙa naman ƙodar mamaci a ruwan asid har ya yi laushi, sannan ya sa allura a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya zaro nefuron ɗaya-ɗaya, daga kai har wutsiya, bai tsinke ba. Abin da ya gani shi ne tushen duk maganar da ake yi har yau. Ƙwayoyin bututu a kan wata 'yar siririyar shimfiɗa suke zaune. A wani wurin ƙwayoyin sun mutu amma shimfiɗar tana nan lafiya, a wani wurin kuwa har ita ta yage. Inda take nan, sababbin ƙwayoyi suna bin ta su rufe gurbin. Inda ta yage, gyaran yakan ɓata hanya. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san bambancin. Damina ta wanke yaɓe, in tubalin bango yana tsaye, da kaka a kwaɓa ƙasa a sake yaɓawa, gida ya dawo kamar jiya aka yi shi. In bangon ne ya zube, yaɓe ba shi da wurin kamawa.

Sai dai ko bango yana tsaye, yaɓen na bukatar kwanaki, mara lafiya kuwa gubar da ke taruwa a jininsa ba ta jira. Nan ne wankin ƙoda ya samo asali. Willem Kolff, likita a garin Kampen na ƙasar Holan, cikin mamayar Jamus, ya naɗe dogon bututun selofen, irin wanda ake ɗura niƙaƙƙen nama a ciki, a jikin wata gangar katako mai juyawa cikin kwamin ruwan gishiri, ya bi da jinin mara lafiya ta ciki. Ya fara a 1943, kusan duk waɗanda ya gwada a kansu da farko suka mutu. A watan Satumba na 1945 wata mace mai shekara 67, da ke tsare bisa zargin haɗa kai da 'yan mamaya, ta farfaɗo daga dogon suma bayan sa'o'i 11 a kan na'urar, ƙodarta ta dawo aiki, ta ƙara shekaru a duniya. Sunan da muka ba abin yana ɗan ruɗarwa, domin jini ake wankewa, na'urar ko taɓa ƙodar ba ta yi. Lokaci kawai take saya mata. Wannan ne abin da ya kamata a riƙa faɗa wa dangi da babbar murya. Da yawa in an ce za a yi wa ɗansu wankin ƙoda, hankalinsu yakan tafi ga maƙwabcin da ya yi shekaru yana zuwa sau biyu ko uku a mako har gona da gida suka ƙare, sai su ce, "Likita, a bar mana shi mu koma gida." Wancan tsohon ciwo ne da ya cinye ƙodar a hankali. Raunin farat ɗaya kuwa sau da yawa wanki kaɗan yake bukata, na mako ɗaya zuwa uku, kafin ƙodar ta karɓi aikinta.

To wa ke yin gyaran? A farkon shekarun 2000 an yi ta ɗokin cewa daga ɓargo taimako ke zuwa. An duba ƙodar mata da aka dasa wa maza, aka ga 'yan ƙwayoyi masu alamar namiji a cikin bututun, aka ce lallai ƙwayoyin asali ne suka taso daga ɓargon mai karɓa suka zo suka zama ƙoda. Labari ne mai daɗi, kuma mutane suna son labarin da mai ceto ke zuwa daga nesa. Bincike na tsanaki ya nuna irin waɗannan baƙi ba su taka kara sun karya ba. A 2008 Benjamin Humphreys da Joseph Bonventre da abokan aikinsu a Boston suka yi wa kusan dukkan ƙwayoyin bututun ƙodar ɓera wata alama ja da ake gado, wadda duk ƙwayar da ta rabu biyu 'ya'yanta za su ɗauka. Suka tsayar da jinin ƙodar na ɗan lokaci, suka sake shi, suka jira. Bayan kwana biyu, kusan rabin ƙwayoyin sashen da ya fi jin jiki sun shiga rabuwa. Da gyara ya kammala, jan yana nan yadda yake, bai sirka ba. Da wasu ne suka shigo daga waje, da an ga fari a tsakani. Waɗanda suka tsira ne suka maye gurbin waɗanda suka mutu.

Yadda suke yi shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk lamarin. Ƙwayar da ta tsira tana ajiye sana'arta. Ta zubar da sauran gashin kanta, ta daina tsotsa, ta bar tsayuwa ta kwanta ta baje, ta miƙe jiki tana jan ciki a kan shimfiɗar da ta tsiraice har ta taɓa wata 'yar'uwarta daga can gefen. Wasu ƙwayoyin gado da ta yi amfani da su tun mai ita yana cikin mahaifa, ta kulle su shekara da shekaru, sai ta sake buɗe su. Wato ta koma yarinya. Tana kuma fitar da wani sinadari a fatarta, wanda ɗakin binciken Bonventre ya gano a 1998 aka sa masa suna KIM-1, da ke ba ta ikon haɗiye gawar maƙwabtanta don bututu ya buɗe. Daga nan ta rabu biyu, biyun su rabu huɗu. Ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye datti, waɗanda a kwanakin farko su ne ke hura wutar kumburi, su ma sai su sauya hali su koma masu ƙarfafa tsiro. In gurbi ya cike, sababbin ƙwayoyin su miƙe tsaye, su tantance sama da ƙasa, gashi ya fito, mitokondiriya su yawaita, su koma bakin aikin da iyayensu suka ajiye.

Akwai wani zango a tsakani da ma'aikatan jinya suka san shi sarai. Fitsarin da ya ɗauke sai ya ɓalle, lita uku, huɗu, har fiye a yini. Dangi su yi ta hamdala, kuma sun yi gaskiya, hanya ta buɗe. Amma yawan nan alama ce ta cewa sababbin ƙwayoyin sun rufe gurbi ba su riga sun koyi tsotsa ba, ruwa da gishiri suna wucewa ta gabansu suna kallo. In ba a mayar wa mara lafiya abin da yake zubarwa ba, sai ya bushe ƙodar ta sake faɗuwa. Ban san wani hali da ya dace da kalmarmu kamar wannan ba: an samu rangwame na gaske, ga shi ana gani a cikin jakar fitsari, amma ba lokacin naɗe tabarma ba ne.

Masana ba su gama daidaitawa a kan ko kowace ƙwaya ce ke iya wannan komawa yarinta ba. A 2014 ɗakin binciken Humphreys ya kawo shaidar cewa cikakkun ƙwayoyi, waɗanda suka riga suka ƙware, su ne ke yi. Paola Romagnani da mutanenta a Florence ta Italiya suna ganin akwai wasu 'yan tsiraru na musamman, warwatse cikin bututun, masu juriya, waɗanda su ne ke haihuwa. A 2018 suka nuna cewa da yawa daga sauran suna ninka kayan gadonsu ne ba tare da sun rabu ba, su yi ƙiba su ɗauki aikin mutum biyu. In haka ne, wani kaso na abin da awo ke nunawa a matsayin dawowar ƙarfi, ƙarin kaya ne a kan waɗanda suka rage. Ni dai hujjar ɓangare na biyun ta fi tsaya mini a rai, ko ba komai ta fi kama da abin da ake gani bayan shekaru.

Domin bayan shekaru tabo yakan bayyana. Tabo a wurinmu ba kullum abin ƙi ba ne. Wanzami da gangan yake tsaga, a jira ta warke ta zama bille ko kalangu ko shasshawa, a gane mutum da ita a ko'ina. A fata, tabo rufi ne, ya toshe ƙofa ya hana cuta shiga, in ya rasa gashi da gumi ba wanda ya damu. A ƙoda kuwa duk inda ya zauna wurin tacewa ya ci. A 2010 Li Yang da Bonventre suka nuna yadda abin ke farawa. In raunin ya yi tsanani, wasu ƙwayoyin suna shiga hanyar rabuwa, su ninka kayan gadonsu, sai su maƙale a bakin ƙofa, ba su rabu ba, ba su koma aiki ba, ba su kuma mutu ba. A wannan hali sai su yi ta fitar da sinadaran kiran gyara ba ƙaƙƙautawa. Ƙwayoyin da ke kewaye da ƙananan jijiyoyin jini su amsa kiran, su bar jijiyoyin, su shiga zuba zaren kolajin a tsakanin bututu. Jijiyoyin da aka bari su shanye. David Basile ya auna wannan a ɓeraye a 2001, ya ga bayan rauni mai tsanani kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na waɗannan siraran jijiyoyi sun ɓace a sashen da ya fi rauni, ba su kuma dawo ba, alhali awon jinin dabbobin ya koma daidai. Ƙarancin jijiya ya jawo ƙarancin oksijin, shi kuma ya raunata wasu bututun, su ma su yi kiran gyara. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma duk da kyakkyawar niyya ake yin sa.

Akwai kuma iyakar da ko gyara mafi kyau ba ya tsallakewa. Ɗan'adam yana gama ƙera nefuron ɗinsa wajen mako na 36 a cikin mahaifa. Daga nan ba ƙari, sai ragi. Ko da lafiya, wanda ya kai shekara saba'in da 'yan kai kusan rabin abin da yake da shi yana saurayi ya rage masa. Bakwaini da jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi da guzuri kaɗan suke fara tafiyar. Bututu yana sake shimfiɗa cikinsa, amma nefuron da ya mutu ɗungurungum ya tafi ke nan. Shi ya sa matar da zubar jinin haihuwa ya kashe mata ɓawon ƙoda gaba ɗaya, inda ƙullin tacewa suke, ba ta cika dawowa ba, alhali wadda bututunta kaɗai ya taɓu tana iya tashi ta goya ɗanta.

Ba dukkan halitta aka yi wa wannan iyaka ba. Kifi yana ƙera sabon nefuron har ya tsufa. A 2011 an nuna ƙwayoyin da ke yin haka a jikin ɗan kifin nan mai ratsi-ratsi na Indiya da masu bincike ke kiwo. A iya cewa kifi ya yi mana nisa. Amma akwai wani ɓera mai ƙaya-ƙaya a gadon baya, dangin Akomis, da ke zaune a duwatsu da busassun wurare na Afirka da Gabas ta Tsakiya. Wani jinsinsa ma sunan duwatsun Abzin na Nijar masana suka laƙaba masa. A 2012 aka ba da labarin waɗanda aka kama a Kenya: fatarsu tana saɓulewa a hannun mai kamu, ta sake fitowa da gashinta ba tabo. A 2021 masu bincike a Seattle suka yi wa ƙodar wani jinsin irin raunin da ke cika ƙodar ɓeran gida da tabo, ta koma aiki ba tare da tabon ba. Dabba ce mai shayarwa kamar mu, da kayan gado masu kama da namu. Abin da ake nema yanzu shi ne inda hanyarta da tamu suka rabu, a kwanakin farko bayan rauni. Magani dai da zai sa ƙodar mutum ta yi haka bai shigo asibiti ba tukuna. Abin da likita ke da shi shi ne ya kawar da sanadi, ya daidaita ruwa da jini, ya janye duk maganin da ke cutar da ita, ya yi wanki in ya kama, ya jira.

Muna da kalmar abin da ya fi kamata a ji wa tsoro bayan haka: fami. Mai miki ya san zafin fami ya fi na saran farko. Ƙodar da ta tashi daga rauni tana yin watanni tana ɗinkin ciki, kuma rauni na biyu a wannan tsakani, ko ƙarami ne, shi ne ke tura ƙwayoyi zuwa maƙalewar nan. Famin kuwa ba daga nesa yake zuwa ba. Ƙwayar ciwon jiki ce ta kemis, diclofenac ko ibuprofen, da ake haɗiya bayan wunin aiki a rana ba a sha ruwa ba. Allurar gentamicin ce da wani zai yi a shago ba awo. Jiƙo ne da ba a san abin da ke ciki ba, ga hawan jini da ciwon sukari da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Wani nazari na 2012 da ya tattara bincike 13 ya gano cewa waɗanda suka taɓa samun raunin ƙoda na farat ɗaya sun fi waɗanda ba su taɓa ba haɗarin kamuwa da ciwon ƙoda mai daɗewa kusan ninki tara. A ganina, takardar sallama da ba ta rubuta wa mutum ɓaro-ɓaro cewa ƙodarsa ta taɓa faɗuwa ba, ta rage masa wani abu daga haƙƙinsa, domin likitan da zai gani baɗi a wani gari ba shi da hanyar sani.

A shekarar 2012 ɗin ne ƙa'idojin KDIGO, da likitocin ƙoda na duniya ke bi, suka ce a sake duba duk wanda ya yi irin wannan rauni bayan wata uku. Akwai dalilin jiran. Awon da aka saba yi na kiriyatinin ne, shi kuwa daga tsoka yake fitowa. Wanda ya yi makonni a kwance ya zube, tsokarsa ta narke, kiriyatinin ɗin da jikinsa ke samarwa ya ragu, sai lambar ranar sallama ta yi kyau fiye da yadda ƙodar take. Sai nama ya dawo sannan lambar ke hawa zuwa inda ya kamata ta tsaya. A wannan zuwan ana auna hawan jini, a duba ko furotin yana zurarewa cikin fitsari, wanda sau da yawa shi ke riga kiriyatinin nuna tabo, inda kuma akwai hali a ƙara da awon sistatin, da bai dogara da yawan tsoka ba.